Ofishin dillancin gidaje a Ƙofar Kaura: suna da gidaje, amma takardarsu ta mai gida ce

A cikin dillalan gidajen haya da ke birnin Katsina, wannan ofishi na kusa da Ƙofar Kaura yana cikin waɗanda ba sa ɓata wa mutum lokaci. Suna da gidaje a Layout da Sabuwar Unguwa da wajen Dutsen Safe, ba sa ɓoye kuɗin haya, kuma la'adarsu kashi 10 cikin 100 ce kamar yadda aka saba. Ma'aikatansu suna da ladabi, sun kuma faɗa mini gaskiya a kan ƙarancin ruwan famfo a unguwar da na zaɓa.

Matsalar tana cikin takardar yarjejeniyar da suke miƙa wa ɗan haya, wadda aka rubuta da Turanci kuma ba a ba mutum ya tafi da ita gida ya nazarta. Wasu sharuɗɗan babu mai musun su: biyan haya a kan lokaci, tsaftace gida, kwashe shara, da hana sanya wani a gidan ba da izinin mai shi ba. Amma akwai sharaɗin da ya ɗora wa ɗan haya kowane irin gyara, har da kwanon rufi da sokawe da katangar da ta tsage, alhali wanda ya ga ruwan watan Agusta a Katsina ya san cewa tsohon rufi ba ya jiran sakacin kowa kafin ya fara yoyo. A fiƙihun ijara, wato hukuncin haya a Musulunci, ɗan haya amintacce ne, ba ya biyan abin da ya lalace sai idan da sakacinsa ko gangancinsa. Haka kuma takardar ta sa sabon mai shigowa ya gaji bashin wutar lantarki da ke kan mita, ba tare da an rubuta adadinsa ba.

Sharaɗin da ya fi tayar mini da hankali shi ne wanda ya ba mai gida ikon canza makulli da fitar da kaya idan haya ta yi jinkiri. A Najeriya kotu ce kawai ke da ikon fitar da ɗan haya. Mai biyan shekara-shekara yana da notis na wata 6 idan ba a yi wata yarjejeniya daban ba, sannan notis na kwana 7 kafin a shigar da ƙara, kuma sa hannun da mutum ya yi ba ya halatta a watso masa kaya waje da iyalinsa.

Da na nuna waɗannan wurare, shugaban ofishin ya amince a soke batun makulli, a kuma rubuta lambar mita da bashinta a ranar shiga, amma ya ƙi taɓa sharaɗin gyara sai da mai gidan ya zo da kansa. Zan iya tura ɗan uwana wurinsu neman gida, da sharaɗin ya nace a ba shi kwafin takardar ya kai wa lauya tun kafin ya biya la'ada.