Valentine, Comet ko Churchill: Wace Tsohuwar Tankar Birtaniya Ta Dace Ka Saya?

Duk mai niyyar mallakar tankar Birtaniya ta Yaƙin Duniya na Biyu, ko don gidan tarihi ko don kansa, ya fara da tambayar wane inji ne a cikinta. Igwa da kaurin sulke su ke jan ido, amma ba su ke cin kuɗi bayan an gama ciniki ba. Igwar dai a kashe take, wato an hana ta harbi, ko kuma dole a kashe ta in ba ka da lasisi, sulke kuwa fenti kawai yake nema. Inji da giyabos da sarƙa da tayoyi, su ne za su nuna ko tankar za ta riƙa fitowa tana zagaya fili a gaban 'yan kallo, ko za ta zauna a rumfa tana ɗigar da mai har tsatsa ta gama da ita.

Kasuwar ba ta da faɗi. Tankokin gwaji irin su TOG II da Valiant ɗaya-ɗaya ne a duniya, suna gidan tarihin tankoki na Bovington a Dorset, ba na sayarwa ba ne. Waɗanda kan sauya hannu su ne Valentine, Matilda II, Crusader, Cromwell da 'yar'uwarta Centaur, Comet, sai Churchill. Da yawa daga cikinsu ma ba a Birtaniya suka tsira ba, ƙasashen da aka sayar wa ko aka ba su bayan yaƙi ne suka riƙe su. Sanin ƙasar da tanka ta fito zai gaya maka rabin halin da take ciki tun kafin ka buɗe murfin inji.

A ganinmu, mai sayen tanka karo na farko da yake son ta riƙa tafiya, Valentine ya kamata ya nema. An ƙera fiye da 8,000, ciki har da 1,420 a Montreal ta Kanada, kodayake kusan dukkan na Kanadan an tura su Tarayyar Sobiyet. Nauyinta tan 16 zuwa 17, faɗinta wajen mita 2.6, saboda haka babbar tirela mai ƙasa-ƙasa za ta ɗauke ta ba tare da an shiga dokar kaya mai wuce ƙima ba. Amma ka lura da samfurin. Mk I injin fetur na AEC gare ta, Mk II da Mk III dizal na AEC, su kuwa Mk IV da V, da na Kanada VI da VII, da IX zuwa XI, duk injin GMC 6-71 ne na Amurka. Wannan na ƙarshen shi ne abin nema. An yi fiye da shekara hamsin ana ƙera shi don manyan motoci da jiragen ruwa da janareto, har yau ana samun fistin da layina da gasket ɗinsa sababbi, kuma makanikin da ya san shi bai yi wuya ba.

Injin yana da hali ɗaya mai haɗari da ya kamata kowa ya sani. Kowace silinda da nata injekta, dukkansu kuma sanda ɗaya ke sarrafa su. In injin ya daɗe a ajiye, injekta guda na iya maƙalewa a buɗe ta riƙe sauran, da zarar ya tashi sai ya yi ta hawa ba mai iya tsayar da shi, har ya tarwatsa kansa. Kafin a taɓa sitata, a cire murfin saman injin, a tura sandar kowace injekta da yatsa a tabbatar tana shiga tana dawowa, sannan mutum ɗaya ya tsaya da faffaɗan katako a hannu don toshe bakin iska in abu ya ɓaci. Mai sayarwar da ya ƙi yarda a yi haka, ya ce a dai murɗa kawai a ji, ka yi hattara da shi. Aibin Valentine kuwa shi ne ƙunci da rashin gudu: kilomita 24 a awa, kuma direba mai ƙiba zai sha wahalar shiga. Tayoyinta ma girma biyu ne, babba da ƙanana a kowane rukuni na uku, don haka sabunta robarsu na buƙatar ma'auni biyu.

Matilda II ta fi Valentine kwarjini da tarihi, tun daga yaƙin Arras na Faransa a 1940 har hamadar Libiya, amma aikinta ya ninka. Injuna biyu ne na dizal a jere, na AEC ko Leyland, an haɗa su su juya shaf ɗaya. In ba a daidaita su ba, ɗaya ke ɗaukar nauyi ɗayan na bin sa, sai zafi da hayaƙi. Giyabos ɗinta na Wilson da iska yake sauya giya, kenan akwai kwamfuresa da tankin iska da bututai da dole su riƙe matsi. Mafi yawan waɗanda ke fitowa kasuwa daga Ostareliya suke, inda sojoji suka karɓi fiye da 400, bayan yaƙi kuma manoma suka saye su suka mayar da su katafilar share daji. Manomi ba ruwansa da hasumiyar bindiga, ya sauke ta ya yar, wani ma ya yanke saman bodin. Saboda haka gangar jiki ana samu, hasumiya ta asali ce abin wahala. Faranten sulken da suka rufe ƙafafunta kuma suna ɓoye laka ta shekaru, ba ka sanin abin da ke ciki sai an kwance. Gidan tarihin Bovington da kansa, da ma'aikata da takardun asali, ya shafe kimanin shekara uku kafin tasa ta sake tashi a 2018.

Crusader ba za mu daɗe a kanta ba. Injinta Nuffield Liberty ne, zanen injin jirgin sama na 1917, mai silinda goma sha biyu kowace a ware. Tun tana sabuwa a hamada ta yi suna wajen ɗigar mai, mutuwar famfon ruwa da tsinkewar sarƙar fanka. Shekara tamanin ba su gyara wannan ba, kayan gyaran ma sai an ƙera. In ajiyewa za a yi a zaure don kallo, tana da kyau ƙwarai, kuma akwai da dama da suka tsira a Afirka ta Kudu. In tuƙi ake so, a duba wani wuri. Centaur da har yanzu ke ɗauke da Liberty hukuncinsu ɗaya.

Cromwell ita ce inda aka fi cutar mai saye, ba lallai da gangan ba. Bodinta da na Centaur kusan ɗaya ne, bambancin asali inji ne: Cromwell na da Rolls-Royce Meteor mai ƙarfin doki 600. Bayan yaƙi an mayar da ɗaruruwan Cromwell zuwa Charioteer, aka ɗora musu wata hasumiya daban da igwa mafi girma, aka sayar wa Ostiriya da Finlan da Jodan da Labanan. Girka ta karɓi Centaur. Wasu Centaur ɗin kuma an cire musu hasumiya an sa musu farantin tura ƙasa irin na katafila. Daga irin waɗannan bodi ne ake sake haɗa da yawa daga cikin Cromwell ɗin da ake gani yau, wani lokaci da hasumiyar da aka ƙera kwanan nan. Wannan ba laifi ba ne, aiki ne mai daraja in an yi shi da kyau. Laifin shi ne a sayar maka da ita a farashin wadda ta fito daga masana'anta a haka. Ka nemi lambar soja mai farawa da harafin T, ka nemi farantin masana'anta a ɗakin direba, ka kai su ga ma'ajiyar takardu ta Bovington a gwada da bayanan da ke can. Labarin cewa ta yi yaƙi a Nomandi, in babu takarda, kada ka ƙara ko sisi a kansa.

Akwai wuri ɗaya a Cromwell da Comet da dole a duba. Gefen bodinsu bango biyu ne, dogayen sifirin na tsakaninsu. Ruwa da laka na taruwa a wannan rami, daga waje ba a ganin komai, alhali sifirin da kwanonsa sun ruɓe. A sa kyamarar bututu a leƙa, ko a roƙi a kwance faranti ɗaya na waje. Tayoyinsu biyar ne a kowane gefe, kowace tagwaye, kenan roba ashirin ce za a sake in sun tsattsage, kuma a tankar da ta kwana a waje shekaru kusan kullum sun tsattsage.

Ga mai halin riƙe babbar tanka, Comet ta fi Cromwell sauƙin saye da kwanciyar rai. An ƙera 1,186, ta shiga yaƙi a farkon 1945, kuma ta daɗe tana aiki: Birtaniya ta riƙe ta har 1958, Finlan ta sayi 41, Ayalan ta sayi 8, Afirka ta Kudu da Bama ma sun yi amfani da ita. Tankar da sojoji suka ci gaba da yi wa sabis a ƙarƙashin rufi ta fi wadda aka tono daga filin koyon harbi nesa ba kusa ba, kuma Comet ba ta sha sauye-sauyen da suka rikita asalin Cromwell ba. Nauyinta wajen tan 33.

Meteor shi ne ƙarfinta, shi ne kuma kuɗinta. Lita 27 ne, jinin injin Merlin na jirgin Spitfire, da maganeto biyu da fulogi ashirin da huɗu. Sa'ar da aka yi, Centurion, tankar da ta biyo bayan Comet, ita ma shi ta ɗauka, aka ci gaba da ƙera shi har 1964, saboda haka injuna da kayan gyara na yawo a hannun masu tarawa, kodayake na Centurion ba ya zama daidai sai an sauya wasu kayan jikinsa. Tankin mai na Cromwell, mai inji iri ɗaya, na cin wajen lita 500, a kan titi tana shan kusan lita biyu a kilomita, a cikin fili kuma ninki biyu. Abin da ke kashe Meteor shi ne zama. Ruwan lagireto na cin alminiyom daga ciki, ya tsiyaya cikin silinda, ranar da aka buga sitata fistin ya tarar da ruwa, sandarsa ta lanƙwashe. A cire fulogi, a leƙa kowace silinda, a juya injin da hannu zagaye biyu cikakku, a tura baƙin mai ya zaga kafin a ba shi wuta. Fetur na zamani mai gaurayen etanol kuma yana cin tsofaffin tiyo, fetur ya taru a ƙasan bodi inda ba ya da mafita. Yawancin gobarar tsofaffin tankoki daga nan take farawa, don haka sabon tiyo da abin kashe gobara ba abin jinkirtawa ba ne.

Giyabos na Merritt-Brown, wanda ke cikin Cromwell da Comet da Churchill, yana da wata ɗabi'a da sabon direba bai sani ba: ko giya na furi, in inji na aiki aka ja sandar tuƙi, tankar za ta juya a inda take. Kada kowa ya tsaya tsakaninta da bango in injin na kunne.

Churchill muna ƙaunarta, amma ba ma ba mutum ɗaya shawarar ya saye ta. Tan 39 zuwa 40 ce, faɗinta mita 3.25, tsawonta ya wuce mita 7. Injinta na Bedford mai silinda goma sha biyu a kwance, da kafireto huɗu, ba a sa shi a wata mota ba in ba dangin Churchill ba, don haka duk abin da ya karye sai an nemo daga wata matacciyar ko a ƙera. Ƙafafunta goma sha ɗaya ne a kowane gefe, kowace da nata sifirin da boris. Abin yabo guda, tayoyin ƙarfe ne zalla, babu robar da za ta mutu. Da yawa daga waɗanda suka rage sun fito daga filayen koyon harbi da ramuka a jiki, wasu kuma an sauya su bayan yaƙi zuwa motocin injiniyoyi. Aikin da ƙungiyar Churchill Trust ta yi ya nuna ana iya tayar da su, amma aikin ƙungiya ne mai babban gareji da kiren da daɓen kankare mai ɗaukar nauyi.

Wanda ya karanta zuwa nan ya ga abin ya fi ƙarfinsa, akwai Universal Carrier. Ba tanka ba ce, ƙaramar mota ce mai sarƙa, tan huɗu, da injin Ford V8 da kayansa ke ko'ina. Tana koya wa mutum duk aikin sarƙa ba tare da ta cinye masa gida ba.

Sarƙa kuwa, a kowace iri, ita ce abin da aka fi mantawa a lissafi. Yayin da fil da ramukansu ke cinyewa, sarƙar na ƙara tsawo, sai a cire mahaɗi ɗaya a ɗaure ta. Ka ƙirga mahaɗan ka gwada da adadin da ke littafin tankar. In sun yi ƙasa, kuma tayar ɗaurewa ta kai ƙarshen zarenta, sarƙar ta gama aiki, sabuwa kuma sai an zuba a maƙera. Ka duba haƙoran tayar da ke jan sarƙar, in sun lanƙwashe kamar ƙugiya su ma sun tafi. Ka ɗaga faranten ƙasa ka auna kaurin ƙarfen, domin daɓen bodi ya fi ko'ina siranta kuma nan ruwa ke kwana. Ka tanadi sufanun Whitworth, don notunan Birtaniya na lokacin ba sa shiga ma'aunin milimita. Birki da naɗin salansa na iya ƙunsar asbestos, fuskokin agogunan direba kuma wasu da fentin radiyom aka rubuta su, kada a kankare, kada a buɗe gilashinsu.

Sai takardu. A Birtaniya igwa dole ta kasance da shaidar kashewa daga ofishin gwajin bindigogi na Landan ko na Birmingham, ko kuwa mai ita ya riƙe lasisin bindiga, bindigar Besa da ke gefenta kuma dokarta ta fi tsanani. Tuƙa mota mai sarƙa a titi na buƙatar lasisin rukunin H. Kayan da faɗinsu ya wuce mita 2.9, ko nauyinsu da tirela ya haura tan 44, sai an sanar da hukuma kafin a tashi, Comet da Churchill duk sun faɗa ciki. Fitar da tanka daga ƙasar na neman izinin fitar da kayan soja, kuma tunda ta wuce shekara hamsin, in darajarta ta kai wani mataki ana iya neman izinin fitar da kayan tarihi. Ƙasar da za a kai ta ma da nata sharuɗɗan. A rubuta a yarjejeniya cewa cikon kuɗi sai izinin ɓangarorin biyu ya fito, a kuma fayyace wanda zai biya kuɗin ajiya a tsawon jiran.