Ɗauka gaba ɗaya ko bi da bi? Amsa ga mai ƙungiyar jita

Wani ɗan'uwa daga Sabon Gari ya tambaya: su biyar ne, jita biyu, bes, ganguna da mawaƙi, suna son yin albam na rok. Su shiga situdiyo su buga tare, ko kowa a ɗauke shi daban kamar yadda ake kiɗan fiyano a Zoo Road?

Malam, ƙungiya ɗaya ta gwada duka biyun, wato Beatles ta Ingila. Albam ɗinsu na farko, Please Please Me, waƙoƙi 10 daga cikin 14 a rana ɗaya aka ɗauke su, 11 ga Fabrairun 1963, a na'ura mai layin ɗaukar sauti biyu, suna bugawa tare. John Lennon na fama da mura, shi ya sa aka bar waƙar da ke cin maƙogwaro sai ƙarshe. Albam ɗin ya yi mako 30 a saman jerin ciniki na Birtaniya. Albam ɗinsu Sgt. Pepper na 1967 kuwa, wanda aka yi ta ɗora sauti bi da bi, ya ci wajen awa 700, a na'ura mai layi huɗu. In layukan suka cika sai a haɗe su a juye, a samu gurbin ƙari. Shi ma ya yi kasuwa, ya ci lambar yabo ta Grammy ta albam ɗin shekara a 1968, duk da mai sharhin jaridar New York Times ya kushe shi da cewa kwalliya ta yi yawa.

Bambancin a wurinku ga shi. Bugawa tare na buƙatar na'urar shigar da sauti mai ƙofa takwas: makirufo huɗu ga ganguna (babbar ta ƙafa, ƙaramar tsakiya, biyu daga sama), bes da waya kai tsaye, jita biyu, murya ɗaya. Matsalarsa ƙarar ganga tana kutsawa makirufon mawaƙi. In mai jita ya yi tuntuɓe a baiti na uku, kowa zai sake, kuma Auto-Tune, manhajar daidaita murya, ba ya gyara muryar da ganga ta shiga cikinta. Sai dai akwai rai, domin makaɗi yana kallon mai bes suna jan juna.

Bi da bi ya fi sauƙin kaya, ƙofa biyu ta isa in an gama da ganguna. Ganguna ne farko, sai bes, jita, murya a ƙarshe. Inda ake faɗuwa shi ne makaɗin da bai saba bin ƙyas-ƙyas ɗin kwamfuta mai daidaita saurin kiɗa a kunne ba: yana zuwa amshi zai ƙara gudu, duk abin da aka ɗora a kai ya karkace. Ga jinkirin sauti a hedifon. Don rage shi, ku sa bofa, wato saitin da ke tantance wannan jinkirin a manhajar ɗaukar sauti, a 128 lokacin ɗauka.

Shawararmu, in kun daɗe kuna wasa tare, ku ɗauki ganguna, bes da jita ɗaya tare, murya da sauran daga baya. Ku ɗauka a saitin ingancin sauti na 24-bit, kada ƙarfin sauti ya wuce -6 dB a ma'aunin manhaja. Janareta ya yi nesa da ɗaki, ko ku koma inbata, a kashe fanka. Jita tana kwasar gurnanin wuta, kuma cire shi daga baya yana rage mata kauri.