Kafin ka sayi manhajar tuƙa jiragen Yaƙin Duniya na Biyu: wacce ta dace da kwamfutarka, da wutarka, da aljihunka

Yawancin masu sha'awar tsofaffin jiragen yaƙi da na sani ta hanyar finafinai suka shigo, ni ma ta nan na shigo. Mutum ya ga Spitfire na Birtaniya yana farautar Messerschmitt na Jamus a wani tsohon fim, sai zuciyarsa ta fara tambayarsa yaya abin yake ga wanda ke zaune a kujerar matuƙi, ga rurin inji a gabansa, ga abokin gaba a ƙeyarsa. Manhajojin kwamfuta masu kwaikwayon tuƙin waɗannan jirage su ne suka fi kusantar da mutum ga amsar wannan tambaya. Sai dai da dala ake sayensu, kuma wanda ke zaune a karkara kamar ni, wutarsa ta sola ce, intanet ɗinsa na wayar hannu ne, bai kamata ya bi shawarar mutumin Turai ido rufe ba, domin shi ba ya lissafin data, ba ya lissafin batir. Shekarun da na yi cikin wannan sha'awa sun nuna mini cewa manhajar da ta fi kyau a hoto sau da yawa ita ce wadda mutum zai saya ya ajiye, saboda haka a nan zan auna kowacce da abin da take nema daga gare ka kafin abin da take ba ka.

Sandar tuƙi ita ce sayayya ta farko, kafin kowace manhaja. Jiragen wancan zamani suna da babbar farfela guda a hanci, kuma ƙarfin juyawarta yana fizgar jirgin zuwa gefe ɗaya da zarar an taka totur. Ranar da na fara ƙoƙarin tashi da Bf 109, wato Messerschmitt ɗin Jamus, na tura totur gaba ɗaya lokaci guda, hancin jirgin ya karkata hagu, tayoyinsa masu kusa da juna suka kasa riƙe shi, fiffike ya daki ƙasa tun ban bar filin ba. Maganin abin shi ne a ƙara wuta a hankali ana karkata wutsiya zuwa dama daidai gwargwado, wanda kuwa maɓallan rubutu ba za su iya ba, tunda su ko a danna ne ko a saki. Don haka ka nemi sandar da ake murɗa hannunta, wadda murɗawar ke sarrafa wutsiyar jirgi. Logitech Extreme 3D Pro ita ce mai sauƙin kuɗi da mutane da yawa suka fara da ita. Thrustmaster T.16000M ta ɗan fi ta tsada, amma da maganaɗisu take auna motsin gaba da baya da na gefe, shi ya sa ta fi daidaito wajen saita bindiga. Na taɓa sayen wata marar suna a kasuwa saboda araha, cikin wata biyu tsakiyarta ta goce, jirgi yana karkata shi kaɗai ko na sake ta. Araha ba ta ado, kamar yadda ake cewa.

Wanda kwamfutarsa ta kwana biyu, ko ta tafi-da-gidanka ce ta aikin ofis, ya fara duba IL-2 Sturmovik: 1946. Asalin wannan jeri ya fito a 2001 daga kamfanin Rasha na Oleg Maddox, an kuma raɗa masa sunan jirgin kai hari ƙasa na Tarayyar Sobiyet wanda aka ƙera fiye da 36,000, wanda shugabanta Stalin ya aika wa masu masana'antarsa saƙo a 1941 cewa sojojinsa suna buƙatarsa kamar yadda suke buƙatar iska da burodi. Fitowar 1946, wadda aka saki a 2006, ta tattara duk abin da ya gabace ta wuri ɗaya: fagen Rasha, da Yammacin Turai, da tekun Fasifik har da jiragen ruwa masu ɗaukar jiragen sama, da jirage fiye da 200 da mutum zai iya tuƙawa. Farashinta bai wuce dala 10 ba, nauyinta 'yan gigabayit ne, kuma kwafin da ake sayarwa a GOG, wani shagon manhajoji na intanet, ba ya neman intanet bayan an sauke shi. Wannan na ƙarshe shi ne babban abin a wurina. A daren damina, lokacin da sabis ya ɗauke gaba ɗaya, nakan zauna da kwamfuta a kan batir in tashi aikin rakiyar jiragen bama-bamai a sararin Smolensk ta Rasha, kuma yaƙin yana ci gaba daga inda na bar shi jiya, abokan tashin da suka mutu ba sa dawowa, wanda ya tsira ana ƙara masa girma. Aibinta a fili yake: hotunanta sun tsufa, ƙasa da itatuwa ba su da kyan gani idan an sauko kusa, kuma sau da yawa sai mutum ya gyara wani ɗan fayil da hannu kafin ta cika faffaɗan allo na zamani. Duk da haka ban san wata manhaja da ke ba da tarihi mai faɗin wannan a kan wannan kuɗi ba.

Akwai 'yar'uwarta, Cliffs of Dover, wadda ta keɓanta ga yaƙin sararin Birtaniya na Yuli zuwa Oktoban 1940. Da ta fito a 2011 cike take da kurakurai, har masu sha'awa suka kafa ƙungiyar Team Fusion suka yi ta gyara ta, daga baya aka ba su izini a hukumance, aka sake fitar da ita da sunan Blitz a 2017. Wadda aka gyara ita ce ya kamata a saya. A nan mutum yake gane abin da finafinai ba su bayyana ba: idan ka tura hancin Spitfire ko Hurricane na farkon yaƙi ƙasa da sauri, injin Merlin yakan shaƙe na ɗan lokaci saboda kafireto ya rasa mai, alhali Bf 109 mai fesa mai kai tsaye yana nutsawa abinsa. Shi ya sa matuƙan Birtaniya suka koyi mirgina jirgi kafin su bi abokin gaba ƙasa, kai ma dole ka koya. Ƙarin da aka yi mata a 2020, Desert Wings – Tobruk, yana kai mutum hamadar Libiya da Masar, kuma wannan fage yana da alaƙa ta gaskiya da ƙasarmu. Bayan Italiya ta shiga yaƙi a Yunin 1940 hanyar Bahar Rum ta yi wa Birtaniya haɗari, sai ta riƙa kawo jirage a akwatuna zuwa Takoradi a Gana ta yau, a haɗa su a can, a tashe su ta Legas, da Kano, da Maiduguri, da El Geneina, da Khartoum, har Masar. Daga Satumban 1940 dubban jirage sun bi wannan hanya. Duk lokacin da na hau Hurricane a taswirar Tobruk nakan tuna cewa irinsa sun sha mai a filin jirgin Kano kafin su isa wannan rairayi. Sai an mallaki Blitz kafin a iya ɗora wannan ƙari, kuma wanda ke son dogon yaƙi shi kaɗai zai ga ba ta kai 1946 yalwa ba.

Ga mai kwamfuta matsakaiciya wadda ke da katin hoto na musamman, zaɓin da na fi ba da shawara shi ne jerin IL-2 Sturmovik: Great Battles. Ya fara da Battle of Stalingrad a 2014, sai Moscow, da Kuban, da Bodenplatte, da Normandy a 2022, kuma duk wanda aka saya yana haɗuwa da sauran su zama manhaja guda. Kowane kashi yana zuwa da taswirarsa da jirage takwas na ɓangarorin biyu, wasu biyu kuma ana sayensu daban. Na Stalingrad, alal misali, yana da Yak-1, da LaGG-3, da Il-2, da Pe-2 na Sobiyet, a ɓangaren Jamus kuma Bf 109 iri biyu, da Ju 87, da He 111. Cikakken farashin kashi ɗaya yakan kai dala 50 ko fiye, amma lokacin rangwamen tsakiyar shekara da na Disamba tsofaffin kashin suna sauka ƙwarai, kuma haƙurin jiran wannan lokaci yana da riba. Wanda zai saya ta shagon intanet na Steam ya sani cewa Stalingrad ne tushe, sai da shi sauran suke hawa. Abin da ya sa nake fifita ta shi ne ta ɗauki abin da ke da muhimmanci a fagen fama ta bar sauran: da maɓalli ɗaya ake tayar da inji, amma lagireto, da juyin farfela, da zafin mai duk a hannunka suke, idan ka bar inji a kan cikakken ƙarfi fiye da ƙima zai ƙone kana tsakiyar faɗa. Yadda harsashi ke lalata jirgi ma abin kallo ne, mai yana tsiyaya, fiffike yana lanƙwashewa, matuƙi yana suma idan juyi ya yi tsanani. Tana buƙatar buɗe asusu da shiga ta intanet, saboda haka wanda sabis ke yi wa wuya sosai ya sa wannan a lissafi.

DCS World ta kamfanin Eagle Dynamics ita ce ta fi kowacce zurfi a kan jirgi ɗaya, ita ce kuma ta fi cin kuɗi. Kowane maɓalli da ke gaban matuƙi ana danna shi, kuma tayar da Spitfire kaɗai darasi ne: a buɗe famfon mai, a tura mai cikin inji da famfon hannu, a kunna magneto biyu, a danna maɓallan tayarwa tare. Wanda ya taɓa tayar da tsohon injin ban-ruwa da sanyin asuba zai ji daɗin wannan fiye da kowa. Tushen manhajar kyauta ne, har da TF-51D, wato jirgin Mustang na Amurka, na koyo marar bindiga, wanda ya isa mutum ya gwada ko kwamfutarsa za ta ɗauka. Daga nan lissafi yake canzawa. Kowane jirgi, ko P-51D, ko Fw 190, ko Mosquito, ana sayensa shi kaɗai a kan kuɗin da ya kusa na kashi guda na Great Battles, taswirar Normandy daban, tankoki da bindigogin ƙasa na zamanin su ma daban. Tana iya cinye fiye da gigabayit 100 na ma'ajiya, tana son RAM gigabayit 16 zuwa 32, sabuntawarta kuma manya ne. Jiragenta na wannan yaƙi kaɗan ne, galibinsu na 1944 da 1945. Ta dace da wanda ke ƙaunar jirgi guda yana son saninsa ciki da waje, yana kuma da wuta tsayayya da intanet marar iyaka.

War Thunder ta Gaijin kyauta ce, tana da jirage masu yawan gaske, ana kuma iya buga ta da linzamin kwamfuta ba tare da sanda ba. Amma ba ta aiki sai da intanet a kowane lokaci, da mutane ake fafatawa, jinkirin sabis kaɗan yana sa harbi ya kuskure, kuma ana buɗe jirage ne da dogon wasa ko da biyan kuɗi. Tana da kyau wajen ɗanɗana abin. Ban ɗauke ta wurin koyon tarihi ba.

Saura abu biyu da suka shafi kowane zaɓi. Na farko, a faɗan sama wanda ya fara ganin abokin gaba shi ke da nasara, don haka na'urar da ke bin motsin kai tana da amfani ƙwarai. TrackIR ita ce sananniya kuma tana da tsada, amma manhajar OpenTrack kyauta ce, ana haɗa ta da kyamarar kwamfuta ta yi aikin da ya wadatar. Na biyu, zafi da ƙura. Kwamfuta mai katin hoto tana jan wuta ninkin ba ninkin ta ofis, kuma a watannin Maris da Afrilu takan rage gudu da kanta idan ta ɗau zafi, ƙurar hunturu kuma tana toshe mata fanka. Kafin ka zaɓi Great Battles ko DCS, ka duba ko inbatarka da batirinka za su riƙe ta awa biyu da dare.

Idan kuɗin da ke hannunka na abu ɗaya ne, ka sayi sanda mai murɗawa ka haɗa da 1946, ka fara da Yak ko Hurricane masu sauƙin hali, ka yi mako guda kana tashi da sauka kawai kafin ka harba harsashi ko ɗaya. Idan bayan wata uku har yanzu kana ɗokin magariba ta yi ka zauna a gabanta, sai ka jira rangwamen Disamba ka ɗauki Stalingrad, sandar da ka riga ka saya za ta yi maka aiki a can ma.