Share Fagen Karatun Zane da Ƙira: Funtuwa, Kwaleji, Foli ko Ingila?

Bayan ƙaramar sallah na je Daura gaida yayata, sai ta ɗauko wani tsohon littafin rubutu ta ajiye mini a gaba. Ta ce, "Kai da ka san harkar nan, duba abin da ɗanka yake ƙarar mana da biro a kai." Na buɗa. Ga ƙofar fada, ga dawakin hawan sallah da kwalliyarsu, ga hannun wata tsohuwa tana kaɗi. Yaron ya gama sakandare da kiredit ɗinsa, makin JAMB bai kai ba, shi kuma ya kafe sai karatun zane a Zariya. Mahaifinsa ya ji ana maganar share fage, har wani ya kawo masa takardar tallar wata makaranta a Ingila. Tambayarsu ɗaya ce: wanne za a zuba wa kuɗi?

Na koyar da zane a sakandare na wasu shekaru kafin in koma harkar buga takardu a nan Katsina, don haka an sha yi mini wannan tambayar. Abin da ke rikita iyaye shi ne kaya iri biyu ake sayarwa da suna ɗaya. Akwai share fagen da ke ba yaro takardar da za ta shigar da shi jami'a. Akwai kuma wanda ke gyara masa hannu da ido. Kafin a ciro ko kwabo, a fara gane wanne ne yaron ya rasa.

Asalin abin na gyaran hannu ne. A makarantar Bauhaus da aka buɗe a Jamus a 1919, ba a barin ɗalibi ya shiga sashen saƙa ko ƙarfe ko katako sai ya yi watanni a ajin farko, yana taɓa kowane irin kayan aiki, yana koyon launi da siffa da yadda haske ke sauka kan abu. Daga baya makarantun Ingila suka ɗauki tsarin suka mai da shi shekara guda. Wanda ya taɓa zama a wurin dukawa ko marina ba zai ga baƙon abu a nan ba. Yaron baduku ma ba ranar da ya zo ake miƙa masa fatar sirdi ba.

Mafi kusa da mu shi ne IJMB, shirin da Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) ta Zariya ke kula da jarabawarsa. Darussa uku ake ɗauka, a yi su cikin kusan shekara guda, wanda ya ci da kyau ya nemi shiga aji biyu na jami'a kai tsaye, abin da yara ke kira DE. Mu Katsinawa ba mu da nisa da shi, tunda makarantar share fage ta ABU ɗin kanta a Funtuwa take. Akwai kuma ɗan'uwansa JUPEB, wanda jami'o'in kudu suka fi yi, shi ma darussa uku ne. Daɗin wannan hanya lissafin shekaru: ɗaya a share fage, uku a jami'a, an tashi da huɗu, daidai da wanda ya shiga ta JAMB tun farko.

Sai dai karatun allo da littafi ne. Yaro zai iya gama shekarar nan cur bai riƙe gawayin zane sau ɗaya ba. Sannan ya faɗa aji biyu ya tarar da waɗanda suka shafe shekara suna zanen kwalba da kujera da ninkin yadi har hannunsu ya faɗa. Ajin farko na jami'a, wanda shi ya tsallake, shi ne ainihin share fagen masu zane a ƙasar nan. Ya sayi shekara, ya sayar da tushe. Idan yaro mai hannu ne sosai kamar ɗan yayata, zai iya cim musu da wahala. Idan kuwa sha'awa ce kawai ba a taɓa gwada ta ba, ban ba da shawarar wannan hanya ba.

Akwai tarko na biyu a nan, kuma shi ya fi cin mutane. Ba kowane haɗin darussa uku sashen zane ke karɓa ba. Kafin a sayi fom, a buɗe jerin kwasa-kwasan JAMB, kyauta yake a intanet, a duba abin da jami'ar da ake so ta gindaya wa masu DE a wannan fannin, sannan a tambayi cibiyar ko tana koyar da waɗannan darussan. Na san wani yaro a unguwarmu da ya yi shekara a wata cibiya mai zaman kanta, ya fito da sakamako mai kyau, sai da ya je cike fom ya gane haɗin da aka ba shi na masu neman aikin jarida ne. Mai cibiyar tun farko cewa ya yi, "Duk ɗaya ne, Alhaji." Wasu cibiyoyin ma ba su da rajista, ga shi JAMB yanzu sai ta tantance sakamako daga tushensa kafin ta amince.

Shi kuwa shirin gyaran sakamako da ake kira rimediyal, na wanda karatunsa na sakandare bai zauna ba ne, kuma aji ɗaya yake kai mutum bayan ya sake zama JAMB. Bai da alaƙa da zane, amma in matsalar Turanci ce ko lissafi, to nan ne maganinta.

Hanyar da na fi yawan nuna wa iyaye ita ce wadda suka fi rainawa, wato kwalejin ilimi. NCE a sashen zane da sana'o'in hannu shekara uku ce, kuma yawancinta a ɗakin aiki ake yin ta. Yaro zai taɓa fenti, ya cuɗa yumɓu, ya yi rini da buga zane a yadi, ya koyi tsara haruffa da hoton talla, kafin ya tsayar da inda zuciyarsa ta fi karkata. Wannan zagayen shi ne dai abin da Turawa ke karɓar fam a kansa. Ya fita da takardar koyarwa a hannu, wadda ko karatu ya tsaya nan ba a tashi a tutar babu ba, makarantunmu kuwa suna fama da ƙarancin malaman zane. Dalilin ke nan ma da yara da yawa a jihar nan ke gama sakandare ba su rubuta darasin a WAEC ko NECO ba. Tsadarta lokaci ne: uku a kwaleji, a ƙara kamar uku a jami'a, an doshi shida. Ga yarinyar da ake maganar aurenta, ko yaron da gida ke jiran ya fara kawo wani abu, shekara biyun nan ba wasa ba ce.

Muna da kwalejin ilimi ta tarayya a Katsina, da ta Isa Kaita a Dutsin-Ma. Kada a tsaya ga sunan sashe a takarda. A je da ƙafa, a ce a nuna ɗakin aiki. In akwai tanderun gasa tukwane, a tambayi ɗalibai, ba malamai ba, yaushe rabon da a kunna shi. A dubi bango: ayyukan bana ne a rataye, ko waɗanda suka koɗe tun shekara goma? Bangon sashen zane ba ya ƙarya.

Foli, wato kwalejin kimiyya da fasaha, tana tsakiya. Ƙaramar difloma ta ND shekara biyu ce, aikin hannu ne zalla, har da zaman koyon aiki a waje. Daga nan ko a nemi aji biyu a jami'a in sakamako ya yi kyau, ko a yi shekarar aiki a dawo babbar difloma. Wanda burinsa tsara tambari da kwalin kaya da tallan kamfanoni, ko ɗinki da zanen atamfa, nan ya fi dacewa da shi. Kwalejin fasaha ta Yaba a Legas, wadda ta faro tun 1947, da ta Auchi a jihar Edo su ne suka yi suna a wannan fanni. Matsalar nisa ce da kuɗin zama. Ko wace foli aka zaɓa, a tabbatar hukumar NBTE da ke Kaduna, mai kula da makarantun foli, ta amince da wannan kwas ɗin, ba makarantar kawai ba.

A hanyoyin nan biyu akwai kuɗin da ba ya cikin takardar biyan makaranta. Kwali, fenti, burushi, yadi, sinadarin rini, daga baya kwamfuta mai ɗan ƙarfi. Kusan kowane mako da abin da za a ce a sayo. Uban da ya yi lissafin rajista da abinci kaɗai zai riƙa ganin kamar yaron damfararsa yake yi.

Sai takardar Ingila. Abin da ke cikinta gaskiya ne, ba na musu. Shekara guda ce: a fara da gwada fannoni daban-daban, a zaɓi ɗaya, a rufe da babban aiki na ƙarshe, sannan digiri na shekara uku. Makarantu irin Central Saint Martins da ke Landan sun yi fice a kai. Ba makin jarabawa suke fara dubawa ba, kundin ayyukan yaro suke so su gani, wanda suke kira fotfoliyo, har da littafin gwaje-gwajensa da kurakuransa. Ɗan ƙasa mai ƙasa da shekara 19 yakan yi shi kyauta a kwalejojin gwamnati. Baƙo kuwa dubban fam zai biya, ga haya, ga biza, ga gwajin tarin fuka, ga shaidar iya Turanci, ga nuna kuɗin zama a banki. Kuma wannan ta farko ce cikin huɗu. Wanda zai sayar da gona don shekarar farko, ina zai samo na sauran ukun? Takardar kuma ba a yi ta don jami'o'inmu ba, in kuɗi ya yanke aka dawo gida sai sabon lale. A kula da wani abu: wasu shirye-shiryen share fagen da dillalai ke tallatawa na kamfanoni ne da ke haɗin gwiwa da jami'a guda, rabin karatun Turanci ne da dabarun rubutu. A tambayi awa nawa ake yi a ɗakin aiki kowane mako.

Yayata ta ɗago wata magana da na san tana ran iyaye da yawa a nan, ko ba su faɗa ba: zanen mai rai. Hukuncin na malamai ne, a je a tambaye su. Abin da zan iya faɗa shi ne yadda karatun yake. A ABU sashen zane da sassaƙa daban yake da sashen ƙirar kayan masana'antu, inda ake karanta yadi da tukwanen zamani da tsara hoton bugu. Wanda ya ƙware a na biyun zai iya ƙare rayuwar aikinsa cikin launi da siffofi da haruffa, kamar yadda mai zayyanar allo da mai ɗinkin aska takwas da maginin da ke zana dagi a bango suke yi tun kaka da kakanni. Amma a ajin farko darasin zane na kowa da kowa ne, kuma siffar mutum takan shigo ciki. Gara a san haka tun a gida da a je tsakiyar zango yaro ya shiga ruɗu. Su kansu ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, fafutukarsu ita ce a daina kwaikwayon Turai ido rufe, a koma a ɗebo daga gida.

Ga ɗan yayata, abin da muka tsayar shi ne ya sake zama JAMB, ya sa darasin zane cikin huɗun da zai rubuta, don ya shiga ta aji ɗaya kada ya tsallake tushe. NCE ce madogararsa in hakan bai yiwu ba. IJMB mun ajiye ta gefe, ta Ingila kuma mahaifinsa da kansa ya ninke ta da ya ji lissafin shekara huɗu. Watannin da ke tsakani ba zaman banza zai yi ba. Na saya masa takarda mai faɗi da fensira masu laushi, na ce kullum ya zana abu ɗaya da yake gabansa, ba daga hoton waya ba, ya rubuta kwanan wata a ƙasa, kuma kada ya yaga wanda ya lalace. Safiya uku a mako zai je wurin wani baduku abokin mahaifinsa. In ya zo Katsina hutu zan kai shi gidan tarihi da ke tsohon ginin Kwalejin Katsina da hasumiyar Gobarau, ya zauna ya zana su daga kusurwa uku.

Da zan taho ya biyo ni har bakin mota ya ce, "Kawu, tulu fa? Shi ma zane ne?" Na ce ya fara da shi gobe da hantsi, ya sake zana shi da la'asar in inuwa ta juya, ya aiko mini duka biyun.