Gargaɗi ga masu shayarwa: damfarar da ake yi da sunan jariran da ba sa jituwa da madarar shanu da waken suya

Akwai wata damfara da ke yawo a intanet wadda ta auna iyaye mata masu shayar da jariran da cikinsu ba ya karɓar furotin ɗin madarar shanu da na waken suya, kuma wajibi ne a fayyace yadda ake ƙulla ta, domin wanda take cutarwa jariri ne da ba shi da bakin faɗin abin da ke damunsa. Masu yin ta ba sa zuwa a matsayin 'yan kasuwa. Suna zuwa ne da sunan masu ba da shawara kan abincin jarirai, ko da sunan uwar da ta taɓa shiga wannan hali ta fita, sai su bibiyi duk matar da ta rubuta a kafafen sada zumunta cewa ta ga majina ko jini a kashin ɗanta, su tura mata saƙo a keɓe, su fara da jaje da lallashi, kafin a gangaro kan maganar kuɗi.

Lalurar kanta gaskiya ce, shi ya sa damfarar take ci. Idan uwa ta sha madarar shanu, ko ta ci cuku ko yogot ko abin da aka haɗa da waken suya, wani ɗan ƙanƙanin kaso na furotin ɗinsu yana iya ratsawa cikin nononta, kuma a jikin wasu jarirai garkuwar jiki takan yi faɗa da shi har bangon hanji ya kumbura. Alamun da aka fi gani su ne majina da zirin jini a kashi, gudawa, yawan amai da ƙuraje masu ƙaiƙayi, kuma galibi a watannin farko suke bayyana. Sai dai lalurar ba ta kai yawan da masu talla ke nunawa ba. Ƙiyasin likitoci shi ne jarirai 2 zuwa 3 cikin 100 ne ke samun rashin jituwa da furotin ɗin madarar shanu, a cikin masu shan nonon uwa zalla kuwa adadin bai kai 1 cikin 100 ba. Tumbuɗi da kukan yamma da koren kashi abubuwa ne da lafiyayyun jarirai da yawa suke yi, su kuma daina da kansu. Ɗan damfara ya san haka sarai, don haka yake faɗaɗa jerin alamun da yake wallafawa har ya zama babu jaririn da zai tsallake.

Abin da ake fara sayar wa uwa shi ne gwaji. Za a ce ta aika 'yan silin gashin jaririn, ko ɗigon jini a kan wata takarda, ko a ɗora wata na'ura a fatarsa wadda wai take auna yadda jiki ke karɓar abinci, bayan 'yan kwanaki sai a turo mata sakamako mai shafuka da yawa, an ƙawata shi da launin ja da ɗorawa da kore, ya yi kama da takardar asibiti. Babu ko ɗaya cikin waɗannan da ke iya gano lalurar. Hukumar NICE ta Birtaniya, wadda ke tsara ƙa'idojin duba marasa lafiya, ta fitar da jagora a 2011 kan rashin jituwa da abinci a jikin yara, inda ta hana amfani da gwajin gashi, da na'urar Vega wadda ake ɗorawa a fata, da gwajin ƙarfin tsoka, da gwajin jini na IgG, wani sinadarin garkuwar jiki, wajen gano shi. Ƙungiyar ƙwararrun wannan fanni ta Turai ta riga ta faɗi makamancin haka game da IgG4, wani reshe na IgG, tun 2008. Dalili kuwa shi ne IgG yana nuna cewa jiki ya saba haɗuwa da wani abinci ne kawai, kuma lafiyayyen mutum ma yana da shi ga abin da yake ci kullum. Ko gwajin IgE, wani sinadarin garkuwar jiki na daban, da ake yi a asibiti, wanda na gaske ne, amfaninsa yana ga nau'in lalurar da ke tashi nan take da kumburi da borin jini. Nau'in da ke taɓa hanji a hankali, wanda shi ne yake kawo jini a kashi, yawanci wannan gwaji ba ya nuna shi. Saboda haka duk wanda ya ce yana da gwajin da zai tabbatar da wannan nau'i daga nesa, ko dai bai san aikin ba, ko kuwa ya sani yana yaudara ne.

Sakamakon bogin nan ba ya taɓa tsayawa a kan madara da waken suya. Yakan haɗa da ƙwai da alkama da kifi da gyaɗa da wasu abinci barkatai, a ce wa uwa ta bar su gaba ɗaya. Wannan ne ɓangaren da ya fi damuna, domin mai shayarwa tana bukatar abinci fiye da lokacin da ba ta shayarwa, kuma idan aka ƙuntata mata haka sai ta rame, ta gaji, hankalinta ya tashi, ta fara zargin kanta a duk lokacin da ɗanta ya yi kuka. Idan ta koma ta ce babu sauƙi, ba za a ce mata gwajin ne ba shi da tushe ba. Za a ce nononta ne bai gama wankuwa ba, sai a tallata mata shayi ko gari ko ƙwayoyin da wai suke wanke nono. Nono ba ya bukatar wanki. Da zarar uwa ta daina cin abin da ke ɗauke da furotin ɗin, yawansa a nononta yakan ragu da kansa cikin 'yan kwanaki, abin da ke ɗaukar lokaci shi ne warkewar hanjin jaririn, kuma ba a bukatar ta tatse nononta ta zubar ko ta dakatar da shayarwa a tsakanin. Wasu kuma suna sayar da ɗigon laktes suna cewa yana maganin lalurar, alhali laktes sukarin madara yake narkarwa, ba ruwansa da furotin, kuma nonon kowace uwa yana ɗauke da wannan sukari ko me ta ci. Haka ma madarar gwangwanin da aka rubuta cewa an cire mata laktos, wato wannan sukarin, furotin ɗin shanun yana nan cikinta yadda yake.

Inda damfarar ta nufa tun farko shi ne a raba jariri da nonon uwarsa, domin uwar da ke shayarwa ba ta sayen madara, wadda ta yaye kuwa ta zama mai saye na kowane mako. A nan ne za a ce mata nononta shi ke cutar da yaron, a kawo mata wani gari da ake kira madarar musamman, a ce ya fi na kantin magani araha ko an shigo da shi ta hannun wani amintacce. Wannan ba hasashe ba ne. A watan Mayun 2020 an bankaɗo cewa wani shagon kayan jarirai a gundumar Yongxing ta lardin Hunan a ƙasar Sin ya riƙa sayar wa iyaye garin abin sha na furotin a matsayin madarar musamman ta yaran da ba sa jituwa da madarar shanu, kuma binciken hukuma ya samu yara biyar da tamowa da rashin nauyi da ƙarancin bitamin D. Garin ba guba ba ne, illarsa ita ce ba ya ɗauke da abin da jariri ke bukata don ya girma, iyayen kuwa sun yi watanni suna ba da shi a madadin abinci. A Amurka ma, bayan rufe wata babbar masana'anta a jihar Mishigan a Fabrairun 2022 ya jawo ƙarancin madarar gwangwani, musamman irin ta masu wannan lalura, hukumar kare haƙƙin masu saye ta ƙasar ta yi gargaɗi kan shafukan bogi da suke karɓar kuɗi ba su aika komai ba.

Akwai kuma masu tallan nonon wata uwa da aka tatsa aka daskarar, suna rantsuwa cewa mai shi ba ta shan madara ba ta cin waken suya. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2015 ya auna samfuri 102 na nonon da aka saya ta intanet, ya samu 10 daga ciki an gauraya su da madarar shanu mai yawan da ba za a ce kuskure ba ne. Ga jaririn da ke da wannan lalura, an ba shi ainihin abin da ake gudu ke nan, ban da haɗarin ƙwayoyin cuta daga nonon da ba a tantance mai shi ba, ba a kuma san yadda aka ajiye shi ba. Madarar akuya da ta tunkiya, waɗanda ake tallata su a matsayin masu sauƙi ga ciki, furotin ɗinsu yana kama da na shanu ƙwarai, kuma mafi yawan jariran da ba sa karɓar ɗaya ba sa karɓar ɗayan. Abin shan da ake yi da shinkafa ko almon ba abincin jariri ba ne ko kaɗan, haɗa madara a gida bisa umarnin da aka samo a intanet kuwa ya taɓa kwantar da jarirai a asibiti saboda ƙarancin kalsiyam a jini.

Hanyar da likitocin yara suke bi ba ta da wani sirri, kuma babu abin sayarwa a cikinta. Likita zai ji tarihin alamun, ya duba yaron, ya auna nauyinsa da tsawonsa, ya tabbatar ba wani abu ne daban ke kawo jinin ba, kamar ɗan tsagewa a dubura ko ƙwayar cuta a hanji. Idan ya yi zargin lalurar, uwa za ta ci gaba da shayarwa ta bar madarar shanu da duk abin da aka yi da ita na mako 2 zuwa 4, a ƙara da waken suya idan likita ya ga dalili, tana karanta jerin kayan haɗin da ke jikin kwali da gwangwani domin garin madara yana ɓuya a cikin abinci da yawa. Idan an samu sauƙi, sai ta sake komawa cin su na 'yan kwanaki a ga ko alamun za su dawo. Wannan komawar ita ce take tabbatar da lalurar, kuma ita ce 'yan damfara suke tsoratar da uwa a kanta, saboda ita ke tona cewa jarirai da yawa ba su da komai tun farko. Idan jaririn ya taɓa kumbura ko numfashinsa ya sarƙe, ba a yin wannan gwaji a gida sai a gaban likita. A tsawon lokacin da uwa ta bar madara tana bukatar kalsiyam kimanin miligiram 1,000 a rana tare da bitamin D, kuma ƙwararre kan abinci mai gina jiki shi ne zai tsara mata yadda za ta samu. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar nonon uwa zalla har wata 6, sannan a ci gaba tare da abinci har shekara 2 ko fiye, kuma wannan lalura ba ta soke shawarar ba. Yawancin jariran da ke da nau'in mai kawo jini a kashi suna warkewa wajen cikarsu shekara ɗaya. Idan har ta kama a ba da madarar gwangwani, akwai wadda aka farfasa furotin ɗinta sosai da wadda aka haɗa da amino asid zalla, wato ƙananan tubalan da ake gina furotin da su, likita ne ke zaɓa, kuma a kantin magani mai rajista ake saye, a duba cewa ba a taɓa buɗe murfin ba, kuma lambar rukuni da ranar ƙarewar wa'adi suna nan a buge, ba a kankare ba, ba a manna wata takarda a kansu ba.

Wasu alamu ba sa jiran amsar saƙo daga kowa. Kumburin leɓe ko fuska, wahalar numfashi, amai a jere har jiki ya saki fata ta yi fari, koren amai, jini mai yawa ko baƙin kashi, zazzaɓi a jaririn da bai kai wata 3 ba, ƙin karɓar nono, da raguwar fitsari, duk ɗayansu ya isa a garzaya asibiti nan take. Mai sayarwar da ya ce irin waɗannan alama ce ta cewa dattin ciki ne yake fita, a ƙara haƙuri, yana wasa ne da ran yaro.

Wadda ta riga ta saya, ta dakatar da ba wa jaririn garin, ita ma ta daina shan shayin, amma kada ta zubar. Ta ɗauki gwangwanin da takardar sakamakon ta kai wa likitan yara, ta faɗa masa tsawon lokacin da yaron ya yi yana sha domin a auna girmansa, a duba jininsa idan da bukata. Ta ajiye saƙonnin da shaidar biyan kuɗi, ta kai ƙara ga hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasarta, ta kuma sanar da masu kafar da aka yi tallan a kanta. Idan an sa ta yaye yaron ba da jimawa ba, sau da yawa nono yana dawowa idan aka riƙa ɗora jariri a ƙirji akai-akai ana kuma tatsa dare da rana, kuma ungozoma ko ma'aikaciyar jinya da ta ƙware kan shayarwa za ta nuna mata yadda za ta rage madarar gwangwanin a hankali gwargwadon yadda nonon ke ƙaruwa, ana auna nauyin yaron a kowane mataki.