Ina Za Ka Ajiye Jagorar Manhajarka Idan Sigogi Sun Fara Yawa?

Duk wanda ya saki manhaja fiye da sau ɗaya ya san wannan ciwon kai. Ka fitar da siga ta 2, ka sabunta shafin jagora, washegari sai ga saƙo daga mai siga ta 1 yana cewa umarnin da ya kwafa daga shafinka ya ƙi aiki. Gaskiyarsa, ai bayanin da ya dace da abin da ke kwamfutarsa ka share shi. Shi ya sa kafin maganar kuɗi nake fara tambaya: wannan masaukin, wato inda za a ɗora jagorar a intanet, zai bar kowace tsohuwar siga a adireshinta?

A nan Read the Docs, wani masaukin jagorar manhaja, ya yi wa sauran masaukai fintinkau. Tun 2010 yake wannan aikin, kuma don shi aka gina shi. Za ka haɗa shi da ma'ajiyar kod ɗinka a GitHub ko GitLab, ka ajiye ɗan fayil mai suna .readthedocs.yaml, shi ke nan. Kowane reshen kod ko tag (alamar da ake sa wa sigar da aka saki) da ka kunna zai zama siga mai cin gashin kanta. Adireshin da ya ƙare da /latest/ yana bin aikin da kake ciki, /stable/ kuma yana nuna siga ta ƙarshe da ka saki. Mai karatu zai ga ɗan akwatin zaɓen siga a gefen shafi, kuma kana iya sa a gargaɗe shi idan ya faɗa tsohuwa. Abin da ya fi burge ni: idan da Sphinx, manhajar haɗa jagora, ka rubuta, zai iya fitar maka da PDF da ePub, mutum ya sauke sau ɗaya ya karanta ko data ta ƙare. Kyauta ne ga manhajar da kod ɗinta ke buɗe, sai dai ka haƙura da ɗan talla a gefe. Na sirri kuwa sai an biya.

GitHub Pages, masaukin shafuka na GitHub, shi ma kyauta ne, amma bai san wani abu wai shi siga ba. Sai ka haɗa MkDocs, manhajar haɗa jagora, da mike, mai kula masa da sigogi, su jera maka su a reshen gh-pages, ga kuma girman shafin ba zai wuce gigabait 1 ba. Docusaurus na Meta ba masauki ba ne ma, manhajar haɗa jagora ce, kuma kwafar babban fayil ɗin jagora yake yi duk fitowa har ma'ajiya ta kumbura. Sabar kanka? In kana da lokacin gadi, bismillah.

Amma inda mutane suka fi ƙonewa ba a zaɓen nan ba ne. Wani ya taɓa yi mana alƙawarin masauki na har abada kan kuɗi kaɗan, ya sayi sunan adireshin da sunansa. Da shekara ta zagayo lambarsa a kashe, jagorar sigogi duka ta tafi da shi. Sunan adireshi ya kasance a asusunka, rubutun jagora kuma a ma'ajiyarka. Wanda ya ce sai ta hannunsa, ka gode masa ka wuce.

Sannan idan ka tashi daga wani masauki, goge layin CNAME, wato saitin da ke tura sunan adireshinka can. In ka bar shi, wani na iya kama gurbin da ka bari ya ɗora shafinsa ƙarƙashin sunanka. GitHub na ba da damar tabbatar da mallakar adireshi don toshe wannan ƙofa, ka yi amfani da ita. Akwai kuma masu kwashe jagorar mutane ɗungurungum su cika ta da talla, babu lambar siga ko ɗaya a jiki. Mafi muni su ne masu sauya harafi ɗaya a sunan kunshin da za a girka, mai karatu ya kwafa ya sauke ta'asa. Saboda haka ka rubuta adireshin jagorarka na gaskiya a fayil ɗin README mai gabatar da manhajar da shafin kunshinka na PyPI ko npm, rumbunan da ake sauke kunshi, ka kuma sa lambar siga a saman kowane shafi.