Hita ko butar lantarki: yi wannan lissafin kafin ka biya

Da hunturu ya shigo Bauchi, masu kayan wuta a kasuwar Wunti da Muda Lawal sai su fito da hita, irin wadda ake tsomawa a bokitin ruwa, da butar lantarki su jera a bakin shago. Kafin ka fara ciniki, juya butar ka duba gindinta, ko jikin kwalin hitar. Lambar nan mai harafin W, wato wat, ma'aunin ƙarfin wutar da abin ke ci, ita za ta gaya maka ko wayar wutar gidanka za ta ɗauka.

Wutar da kamfanin rarraba lantarki na JED ke kawo mana bolt 230 ce idan ta zo cikakkiya. Raba wat da bolt, sai ka samu amp ɗin da abin zai ja, wato yawan wutar da za ta bi ta cikin waya. Buta mai wat 2,000 tana jan amp 8.7, hita mai wat 1,000 kuma 4.3. Ka sake raba bolt da amp, sai turjiyar ƙarfen da ke zafi ta fito, wato yadda yake tauye wucewar wuta, wadda ake aunawa da om: ta butar kimanin om 26, ta hitar 53. Wato mai ƙarancin turjiya ita ce mai yawan jan wuta, abin da da yawa ke ɗauka a baibai.

Amfanin sanin turjiyar yana fitowa ranar da aka kawo wuta maras ƙarfi. Turjiya kusan ba ta canzawa, don haka idan wutar ta sauko bolt 180, butar amp 6.8 za ta ja, ƙarfinta ya koma wat 1,200 da ɗoriya, hitar kuma 600. Ba jabu aka sayar maka ba.

Batun mita kuwa, kada yawan wat ya tsorata ka. Lita ɗaya ta ruwa kusan kashi ɗaya cikin goma na yunit take ci kafin ta tafasa, ko da wacce ka dafa. Buta ta gama cikin minti uku, hita ta kai shida, har ma ta fi ɓarna tunda bokiti a buɗe yake, zafi na tsirarewa.

Inda bambancin yake shi ne waya. Idan amp ya ninka biyu, zafin da waya ke yi sau huɗu yake ninkawa. Shi ya sa za ka ga siririyar wayar ja-wuta mai araha ta yi laushi, bakin soket ya yi baƙi, ɗaki na warin roba. Fulogi mai ƙafa uku fis ɗinsa amp 13 ne, wajen wat 3,000 ke nan, saboda haka buta da dutsen guga ba sa haɗa soket ɗaya. Ƙaramin janaretan nan na kunna ƙwai da fanka kuwa, ko hitar ba zai ɗauka ba.

Ni dai a gidan da ke da yara buta zan saya, na sa mata soket nata a bango. Tana kashe kanta idan ruwa ya tafasa, ƙarfenta a rufe yake. Hita ta fi araha, ita ce kuma ke iya ɗumama bokitin wanka, amma idan rufinta ya tsage ruwan gaba ɗaya ya zama wuta. In ita za ka saya, duba inda waya ta shiga mariƙi, ka yi amfani da bokitin roba, ka zare fulogi kafin ka tsoma yatsa.